Laccar da aka gabatar kan shirin gyara harkar bas a cikin birnin Kano

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamai, ƴan uwa, ku ɗan matso gaba don lasifikar nan tana mana wasa.

To, an ce in yi magana kan shirin gwamnati na gyara harkar bas a cikin gari, ni dai a ganina sayen motar shi ne mafi sauƙi a duk aikin nan. Kowane gwamna zai iya sayo bas a jera su a ɗau hoto a ƙaddamar, abin dubawa shi ne bayan shekara 2 guda nawa ke kan titi, guda nawa ke kan dutse a gareji babu taya.

Ku tuna 2013 da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, Allah ya jiƙansa. Me ya cike gurbin? Adaidaita sahu, saboda ita ce ke shiga lungu ta ajiye ka a ƙofar gida. Sai a 2022 gwamnatin Ganduje ta kawo bas 100 na Kanawa, aka ce an hana adaidaita bin wasu manyan tituna, jama'a suka yi ca, ba a je ko'ina ba aka janye dokar. Kuma ai dole, bas 100 a garin da miliyoyin mutane ke fita kasuwa kullum, haba.

Ku duba Legas. A 2008 da suka fara tsarin bas mai sauri da ake kira BRT daga Mile 12 zuwa CMS, sirrin ba a motar yake ba, hanya suka ware mata ita kaɗai, kana cikin taka motar kana gumi a gosulo bas ta wuce ka fuu, to gobe wa zai ce maka ka hau? Da kanka za ka je tasha. Amma mu nan ka sako doguwar bas cikin cunkoson Yankura ko Bata ko Kurna da yamma, ita da mai baro da mai kura duk tafiyarsu ɗaya, ga shi ba ka san yaushe za ta zo ba, ma'aikacin da zai shiga ofis ƙarfe 8 ina zai tsaya jiran gawon shanu.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke cinye albashi, shi ya sa ake ta maganar bas mai amfani da gas, madalla, amma gidajen da za a sha gas ɗin guda nawa ne a garin nan, kuma kanikawanmu an koya musu gyaran injin? Su kuma ƴan adaidaita kar a maishe su abokan gaba, mutum ne da iyali, a bar musu cikin unguwa su kwaso mutane zuwa bakin titi bas ta ɗauka daga nan.

Na ga ana min alamar lokaci ya yi. Baba na can baya, tun ɗazu hannunka na sama, bismillah.