Me Ke Raunata Sojan Lema Wajen Atisaye?

Ku dubi sojan nan a bakin ƙofar jirgin saman soja samfurin C-130. Tsakaninsa da ƙasa ƙafa 1,250 ne, wajen mita 380. Yawancinmu abin da muke jin tsoro shi ne kada lema ta ƙi buɗewa. Hakan ba kasafai yake faruwa ba, kuma akwai lema ta biyu ɗaure a gabansa. Galibin raunuka a daƙiƙar ƙarshe ake samunsu, lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa.

A makarantar sojan lema ta Amurka da ke Fort Benning, jihar Jojiya, horon mako 3 ne. Mako biyun farko ba wanda ke hawa jirgi. Faɗuwa ake koyo, safe da yamma, sai jiki ya haddace ta. A mako na uku ake dirowa sau 5.

Ga yadda ake so a sauka: ƙafafu a haɗe, gwiwoyi a haɗe kuma a ɗan lanƙwashe, haɓa a kan ƙirji. Gaban tafin ƙafa ya fara taɓa ƙasa, sai sha-raɓa, sai cinya, sai mazaunai, sai gefen baya. Mutum ya mirgina, bugun ya rarrabu a wurare 5. Amma ido na ganin ƙasa tana tahowa, sai ƙafa ɗaya ta miƙe tana laluben wurin takawa. Nauyin jiki duka ya sauka a kan idon sawu guda. Nan ake samun targaɗe, nan ake samun karaya. Wanda kuma ya sauka da dunduniya, sai ya kife ta baya, ƙeya ta bugi ƙasa. Hular kwano tana rage bugun, amma ƙwaƙwalwa tana girgiza a ciki.

Lemar soja ba ta sauke mutum a hankali. Tsohuwar samfurin T-10 tana saukowa da gudun kusan ƙafa 22 a daƙiƙa, kamar ka diro daga katangar da ta haura mita 2. Sabuwar T-11 ta rage gudun zuwa wajen ƙafa 19, kuma raunuka sun ragu.

To, sai abubuwan da ke ƙara haɗarin. Iska ce kan gaba, domin tana jan soja gefe, bayan ya sauka ma ta cika lemar ta yi ta jansa a ƙasa. Shi ya sa sojan Amurka ke dakatar da atisaye idan iskar ƙasa ta wuce kimanin kilomita 24 a awa. Da dare kuwa, ba ka ganin inda za ka taka. Ga bindiga da jakar kaya, waɗanda dole a sake su a kan igiya kafin a sauka. Zafi ma yana da nasa: iska tana yin shara-shara, lema ta fi saurin saukowa. Ku tuna da masu horo a Jaji cikin bazara, ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar daɓe.

Akwai rauni ɗaya da ke faruwa tun a bakin ƙofa. Igiyar da ke buɗe lema tana maƙale da jirgi, idan ta naɗe hannu, takan yaga tsokar damtse.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar takalmin kariya na idon sawu, wanda ake ɗaurawa a kan takalmin soja. Binciken sojan Amurka ya nuna yana rage raunin idon sawu da kusan rabi, kuma kuɗinsa bai kai na jinyar karaya ɗaya ba. Duk da haka an taɓa daina amfani da shi a Fort Benning, sai daga baya aka dawo da shi.