Darasi Kan Abin Sha da Magungunan Farfaɗo da Muryar Mawaƙi

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Darasinmu na yau na duk wanda waƙa ce sana'arsa ko sha'awarsa ne, wanda ya wayi gari bayan doguwar waƙa ya ji muryarsa ta dushe, ko ta ƙi hawa inda ta saba hawa. Tambayar da aka fi yi a irin wannan hali ita ce: me zan sha? Kafin in amsa, wajibi ne mu san inda ciwon yake.

A cikin maƙogwaro, a bakin hanyar da iska take bi zuwa huhu, akwai tantani biyu masu laushi, su ne tantanin murya. Iskar da ke fitowa daga huhu ce take kaɗa su, suna haɗuwa suna rabuwa, a maganar namiji baligi sau 100 da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya, a ta mace kimanin sau 200, mawaƙin da ya ɗaga murya kuwa yana iya kai su sau 440 ko ma fiye. Idan aka ɗauki sa'o'i ana haka da ƙarfi, sai su kumbura su kasa haɗuwa daidai, iska ta riƙa sulalewa ta tsakaninsu, wannan shi ne dushewar da kuke ji.

Abin da nake so ku riƙe da kyau shi ne, babu abin da za ku haɗiya da zai taɓa waɗannan tantani. A lokacin haɗiya akwai marfin da yake rufe hanyar iska, abin sha ya wuce ta hanyar abinci zuwa ciki. Da ɗigon shayi zai kai wurin, ƙwarewa za ku yi nan take. Saboda haka abin sha yana taimako ne ta fuska biyu kawai: yana sanyaya saman maƙogwaro, yana kuma ba jiki ruwan da zai sa majinar da ke lulluɓe da tantanin ta yi ruwa-ruwa, ba kauri ba.

Shi ya sa ruwa tsagwaronsa ya fi kowane haɗi. Sai dai ruwan da kuka sha yanzu sai ya bi ta ciki ya shiga jini kafin amfaninsa ya isa maƙogwaro, kuma hakan yana ɗaukar lokaci, don haka kwankwaɗar kofi uku gab da hawa dandali ba za ta gyara ƙarancin ruwan da aka wuni da shi ba. Ku riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe, kuma ku duba fitsarinku: idan ya yi haske, jiki ya samu ruwa, idan ya yi duhu, da saura. Ruwan ya kasance mai ɗumi ko daidai jiki.

Zuma cikin ruwan ɗumi, cokali ɗaya ko biyu, tana rage ƙaiƙayin maƙogwaro da tari, kuma rage tari babbar riba ce, domin kowane tari buga tantanin ne da juna. Amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, mai ciwon sukari kuma ya kula da adadinta. Shayin citta yana da kyau idan bai yi yaji sosai ba. Lemon tsami kuwa ina ba da shawarar a taƙaita shi, haka ma na'a-na'a, saboda dukansu suna iya tayar da ƙwannafi, kuma ruwan tsamin ciki idan ya hau cikin dare yana isa har bakin tantanin murya ya ƙona shi, wani lokaci ba tare da mutum ya ji zafi a ƙirji ba. Mai fama da wannan ya bar sa'o'i uku tsakanin abincin dare da kwanciya, ya kuma ɗaga wajen kan gadonsa. Barasa tana busar da jiki, hayaƙin taba kuma kai tsaye yake bi ta kan tantanin, don haka ba su da wuri a nan. Kurkurar maƙogwaro da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi tana sauƙaƙa raɗaɗi, amma ita ma a sama take tsayawa.

Abin da yake isa wurin ciwon shi ne tururi, tunda shaƙarsa ake yi. Ku zuba ruwan zafi a kwano, ku bari ya ɗan huce, ku lulluɓa da tawul ku shaƙa a hankali kamar minti goma, sau biyu ko uku a rana. Kada ku zuba man zafi ko wani abu mai ƙamshi a ciki, zallan ruwan ya isa, kuma ku kiyaye kwanon kada ya kife a jikinku.

Duk da haka, hutu ne ainihin maganin, kuma shi ne wanda mawaƙa suka fi ƙi. Kwana ɗaya zuwa biyu ku rage magana iya iyawarku. Kada ku koma raɗa da zaton lallaɓa murya kuke yi, domin raɗa takan sa mutum ya matse maƙogwaro fiye da magana mai taushi. Yawan gyaran murya shi ma illa ne. Idan kun ji majina, ku kurɓi ruwa ku haɗiye. Idan aka ci gaba da waƙa a kan kumburi, wurin da tantanin suke gogar juna yana iya yin tauri, tamkar kantar da take fitowa a hannun mai aikin ƙarfi, kuma warkar da wannan na iya cin watanni.

Sai batun magunguna, wanda ya fi damuna. Feshi ko alawar da take kashe zafin maƙogwaro tana ɓoye gargaɗin da jiki yake yi muku, ku ci gaba da waƙa kuna ƙara rauni. Asfirin da danginsa suna sa jini ya yi wuyar daskarewa, wanda hakan yake ƙara haɗarin fashewar jijiyar jini a tantanin da ya gaji. Wasu magungunan mura suna busar da maƙogwaro, magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya kuwa yawanci ba su da amfani a nan, allurar sauke kumburi kuma kada a yi ta ba da umarnin likita ba.

Idan murya ta fara dawowa, kada ku faɗa wa waƙa gaba ɗaya. Ku fara da ɗan sauti mai taushi baki a rufe, sannan ku sa siririn bututun shan lemo a baki ku riƙa fitar da sauti ta cikinsa, daga ƙasa zuwa sama a hankali, na 'yan mintuna. Masanin murya Ingo Titze na Amurka ya yi fice wajen yaɗa wannan dabara, kuma amfaninta shi ne iskar da take komowa baya tana rage ƙarfin bugun tantanin.

Idan kuwa murya ta yanke farat ɗaya kuna tsakiyar waƙa, ku yi shiru nan take ku nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro, domin yana iya zama jini ne ya taru a tantanin, irin abin da ya sa mawaƙiyar Ingila Adele ta soke wasanninta aka yi mata tiyata a 2011. Haka nan idan dushewar ta wuce mako biyu zuwa uku, ko kuka ga jini a kaki, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, ku ajiye zuma da citta ku je a leƙa maƙogwaron da na'ura.