Darasi: Yadda Ake Samun Hoton HD ta Parabol

Assalamu alaikum masu saurare na cikin garin Tawa da sauran yankin Adar, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau a kan telebijin mai hoton HD ne, wanda ake kamawa ta parabol, kuma ina ɗauka cewa kowa yana da farantinsa da dekodarsa, ya kuma san yadda ake neman tashoshi.

Hoton telebijin ɗigo-ɗigo ne da aka jera layi-layi. Tsohon tsarin da muka taso da shi yana da layi 576, HD kuwa yana da 720 ko 1080, kuma mai 1080 ɗin yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan 2, wato ninki biyar na tsohon. Shi ya sa idan ana wasan ƙwallo kake karanta lambar da ke bayan rigar ɗan wasa ba tare da ka matso ba, rubutun da ke wucewa a ƙasan labarai kuma ya fito tas. Tauraron ɗan Adam da ke aiko da hoton yana nisan kilomita kusan 36,000, yana zagayawa daidai da juyawar duniya, don haka kullum a wuri ɗaya faranti ke samunsa, kuma irin hoton da mazaunin Yamai ke gani shi mazaunin Abalak zai gani, ba tare da intanet ba.

Abin da ke damuna shi ne mutum ya kashe kuɗinsa ya sayi babbar telebijin, ya biya kuɗin wata, amma tsohon hoto yake kallo bai sani ba. Dole abu huɗu su haɗu: tashar tana watsawa da HD, dekodar tana karɓar DVB-S2, wato tsarin siginar da ake aiko da HD ta tauraro, telebijin ɗin ta HD ce, sannan waya. Wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ba ta ɗaukar HD ko kaɗan, komai tsadar kayan da ta haɗa. A cire ta a sa wayar HDMI, wadda ke ɗaukar HD, a shiga saitin dekoda a zaɓi 1080. Ina da wayoyin HDMI a shago, amma ko'ina kuka saya daidai ne, kuma kada a ruɗe ku da mai tsada, domin a tsawon mita ɗaya ko biyu hoton duk ɗaya ne.

Yanzu mu hau wurin faranti. Tauraron Canal+ yana digiri 22 yamma, Nilesat yana digiri 7 yamma, saboda haka daga nan kudu maso yamma za a fuskanta. A kan allo za ku ga sanda biyu, ɗaya ta ƙarfin sigina, ɗaya ta ingancinta. Ku bar ta ƙarfi, domin tana iya tashi alhali farantin bango yake kallo. Ta inganci ita ce abin lura. Ana motsa farantin ne kaɗan-kaɗan, kamar faɗin yatsa, a tsaya a ƙirga zuwa biyar, saboda dekoda ba ta nuna canji nan take, kuma mai gaggawa yakan wuce tauraron bai sani ba. To, inganci ya tashi, sai in ɗaure ƙusoshin. A'a, a dakata tukuna, akwai kan LNB, wato na'urar da ke gaban faranti: a sassauta shi a murɗa a hankali, dama ko hagu, har sandar ta kai iyakarta. Wannan murɗawar da yawa ke tsallakewa, ita ce ke sa wasu tashoshin su fito wasu su ƙi. Bayan haka a ɗaure ƙusoshin bi da bi ana duban allo, don ɗaure gefe guda da ƙarfi yana karkatar da faranti.

Idan hadari ya haɗu hoto ya tsaya ko ya farfashe, ba lalacewa ba ce, ruwan sama ne ke tare siginar, kuma zai dawo da kansa. Wanda ya daidaita ingancinsa sosai, ko yake da faranti mai faɗin santimita 90, nasa yakan daɗe bai yanke ba. Kafin damina a duba ƙafar farantin saboda iskar da ke zuwa gaban ruwa, a naɗe mahaɗin wayar da salatif, kuma duk lokacin da za a taɓa wayar LNB a fara cire dekodar daga kuran.