Shinkafar da ta kwana a kan murhu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Manchester. Yau maganar shinkafa ce, musamman mu da ke dafa babbar tukunya ranar Lahadi don ta kai mu kwanaki saboda aiki.

Wannan dafa-dukan yanzu na sauke ta. Da yawanmu sai mu rufe mu bar ta a kan murhu har gari ya waye, wai ai ƙasar sanyi ce. Sanyin a waje yake. A cikin gida hita na aiki, kicin na kusan digiri 20, tsakiyar rufaffiyar tukunya kuma takan yi awoyi da ɗuminta. Hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta ce daga digiri 8 zuwa 63 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. In sun samu ɗumi da danshi, wasunsu kan ninka yawansu duk minti 20.

Shinkafa kuwa tata matsalar daban ce. Tun tana ɗanya takan zo da ƙwayar Bacillus cereus, a naɗe cikin wani ɓawo mai tauri da tafasa ba ta iya masa. Abinci na fara hucewa sai ta farka, ta yaɗu, ta saki guba. Ita gubar nan wuta ba ta kashe ta, ko kun ɗumama har gindin tukunya ya kama. Ba wari, ba yauƙi, sai dai amai bayan awa ɗaya zuwa biyar. Don haka masu shinshinawa su ce "lafiyarta ƙalau", ku daina.

Ku duba nan. Na juye ta a faranti mai faɗi, na baza, kaurinta bai wuce santimita biyar ba, don tururi ya fita da wuri. Kafin awa ɗaya ta cika, ta shiga firji. Shi ma firjin ku sa masa ma'aunin zafi, ya tsaya tsakanin digiri 0 da 5. In an cika shi maƙil, iska ba ta zagayawa.

Wadda za a ci gobe ta zauna a firji, kwana ɗaya kawai. Sauran a rarraba a ƙananan robobi, kowace cin mutum ɗaya, a sa a firiza. Wajen ɗumame a yayyafa ruwa kaɗan, a juya, sai tururi ya tashi har tsakiya. Sau ɗaya ake ɗumamawa, abin da ya rage a zubar.