Me ake ƙarawa a abincin kajin burola, kuma don me?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwo. Ɗan tsakon nan da kuke gani bai cika giram 50 ba ranar da aka ƙyanƙyashe shi. Nan da mako shida ko bakwai, in ya samu kulawa, zai haura kilo 2. Jikin da ke girma da irin wannan gudu, abu kaɗan ya rasa sai ka gani a ƙafarsa ko a kan sikeli.

Masara ce ke ba shi ƙarfi, waken suya ko ƙuli kuma su gina masa tsoka. To amma kowannensu da giɓinsa. Masara ba ta da isasshen laisin, waken suya ba shi da isasshen metiyonin, ƙuli kuwa ya gaza a duka biyun. Laisin da metiyonin sinadarai ne da ke cikin tubalan da kaza ke gina nama da gashi da su. Shi ya sa mai haɗa abinci a gida, ko a Samaru yake ko a Tudun Wada, zai ga kajinsa suna ci kamar gara amma ƙirji ba nama. Abin da ya rage masa shi ne ya ƙara laisin da metiyonin, waɗanda ba su wuce kilo biyu ko uku ba a cikin tan guda na abinci. Waken suyan ma sai an gasa shi, domin ɗanyensa yana hana kaza narkar da abin da ta ci.

Sai firimis, wato haɗin bitamin da ma'adinai. Yawancin na kasuwa kilo 2.5 ake zubawa a tan ɗaya, wato giram 250 a kilo 100 na abinci, amma a duba abin da aka rubuta a jikin leda. In kun ga kazar da yatsunta suka lanƙwashe ciki, alamar rashin bitamin B2 ce. Wadda jijiyar gwiwarta ta goce, sau da yawa ƙarancin manganis ne. Wadda ƙashinta ya yi laushi ta kasa tashi kuwa, a binciki bitamin D3 da garin ƙashi. Firimis na 'yan tsaki (starter) daban, na kajin ƙwai daban, kada a ɗauki na masu ƙwai a zuba wa burola don ya fi araha. Kuma zafi yana kashe bitamin. Ledar da ta yi watanni a shagon kwano tana shan rana, ko kwanan watanta bai ƙare ba, ƙarfinta ya ragu.

A nan zan ɗan tsaya, don wannan ne ya fi damuna. Masara ko ƙulin da aka adana da danshi yana yin hunhuna, hunhunar nan kuma tana fitar da guba mai suna afulatoksin. A shekarar 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi diddigi sai aka tarar garin gyaɗa ne daga Burazil. Gubar tana lalata hanta, ta rage girma, ta raunana garkuwar jiki, har ka yi rigakafin cutar gumboro amma ya ƙi kamawa yadda ya kamata. Akwai garin da ake ƙarawa mai ɗaure gubar a hanji ya fita da ita, kuma yana taimakawa, musamman da damina. Amma don Allah, Malam, masarar da ka ɓare buhunta ka ji warin ruma, kada ka saya da sunan maganin zai gyara ta. Ba zai iya ba.

Watan Maris da Afrilu kowa ya san zafin Zariya. Kaza ba ta gumi, haki take yi, ta rage ci. A lokacin ne bitamin C da gishirin ruwan sha na kaji suke da amfani, tare da ruwa mai sanyi da iska a ɗaki.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba abinci ba ne. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi don ƙara girman dabbobi tun 2006, saboda ƙwayoyin cuta suna sabawa da shi, ranar da ɗanka ya buƙaci irinsa a asibiti sai ya ƙi aiki. Idan kaji sun kamu, likitan dabbobi ya rubuta, a kuma jira kwanakin da aka ƙayyade kafin a yanka. Masu kiwo da yawa yanzu sun koma ga ƙwayoyin halitta masu amfani da ke gyara hanji. Garin zogale, citta da tafarnuwa ma ana gwada su, amma kaɗan, don in suka yi yawa kaza sai ta rage ci. Mai son shawara, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, duk a ƙofar gidanmu.

Ga yadda ake gaurayawa. Auna da sikeli, ba da gwangwani ba. Duba lambar NAFDAC. Zuba firimis da laisin da metiyonin da gishiri a cikin kilo 5 na garin masara, ka cuɗa sosai. Sannan ka juye wannan a kilo 20, ka sake cuɗawa, kafin ka watsa shi a kan sauran tulin, ka juya da shebur aƙalla sau uku daga ƙasa zuwa sama.