Antonio Di Pietro: Mai Gabatar da Ƙara da Ya Zama Minista

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Laccarmu ta yau a kan Antonio Di Pietro ce, mutumin da ya girgiza siyasar Italiya yana lauyan gwamnati, amma da ya shiga gwamnatin da kansa sai abin ya yi masa nauyi.

An haife shi a 1950 a Montenero di Bisaccia, wani ƙaramin gari na manoma a yankin Molise. Ya yi ƙwadago a Jamus, ya karanta shari'a a Milan, ya yi aikin ɗan sanda, kafin ya shiga ɓangaren shari'a a 1981.

Ranar 17 ga Fabrairu, 1992, ya sa aka kama Mario Chiesa, shugaban wani gidan kula da tsofaffi a Milan kuma ɗan jam'iyyar Socialist ta tsohon firaminista Bettino Craxi, dumu-dumu yana karɓar cin hancin lira miliyan 7 daga hannun mai kamfanin shara da goge-goge. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma da Craxi ya nesanta kansa da shi, sai Chiesa ya fara tona asiri, aka gano cewa manyan jam'iyyu suna da kasonsu a kwangilolin gwamnati. Wannan bincike, wanda aka sani da Mani Pulite, shi ya rusa jam'iyyar Christian Democracy da ta Craxi, shi kuwa Craxi ya tsere Tunisiya.

A Disambar 1994 Di Pietro ya ajiye aiki, kuma a Mayun 1996 firaminista Romano Prodi ya naɗa shi ministan ayyuka. Wata shida kacal ya yi ya sauka, saboda masu gabatar da ƙara na Brescia sun buɗe bincike a kansa, ko da yake daga baya an wanke shi. Ya ci kujerar sanata a 1997, ya kafa jam'iyyar Italia dei Valori a 1998.

Zamansa na biyu a gwamnati, daga 2006 zuwa 2008 a matsayin ministan ababen more rayuwa, shi ya fi nuna inda gizo ke saƙar. Mai gabatar da ƙara hujja yake bi, minista kuwa dole ya yi haƙuri da abokan ƙawance, kuma a ganina Di Pietro bai taɓa sabawa da wannan haƙuri ba. A Yulin 2006, da ake shirin zartar da dokar sassauta wa fursunoni hukunci wadda ministan shari'a Clemente Mastella ya mara wa baya, sai ga shi, yana minista mai ci, a bakin majalisa yana zanga-zanga a kan matsayin gwamnatinsu. Dokar dai ta wuce da gagarumin rinjaye.

A adawa ya fi samun karɓuwa, domin jam'iyyarsa ta samu kusan kashi 8 cikin ɗari a zaɓen majalisar Turai na 2009. A zaɓen 2013 kuwa ƙawancen da ya shiga bai samu ko kujera ɗaya ba, kuma a 2014 ya fice daga jam'iyyar da ya kafa.