Aikin kula da tsofaffi a Ingila: abin da ake nema a hannun ma'aikaci

Assalamu alaikum, masu kallo. 'Yan Najeriya da yawa suna aiki a gidajen kula da tsofaffi a Ingila, musamman waɗanda suka je tsakanin Fabrairun 2022 da Yulin 2025, lokacin da ake ba masu zuwa wannan aiki daga waje bizar ma'aikatan lafiya. Wanda ya taɓa jinyar kakarsa a gida yana da haƙuri da tausayi, kuma ana bukatarsu. Sai dai a can mutum goma ko fiye ne ke karɓa-karɓar kula da tsoho ɗaya dare da rana, don haka abin da kuka gani ba ku rubuta ba, ba ku kuma faɗa ba, tamkar babu wanda ya gan shi.

Kafin ku fara, hukumar DBS za ta bincika ko kuna da tarihin laifi. Bayan haka akwai horon Care Certificate da aka soma a 2015, wanda akasari ake kammalawa cikin mako 12 na farko. Hukumar CQC ce ke duba gidajen, kuma takardu na cikin abin da take dubawa.

Mu fara da miƙa aiki. A gidaje da yawa awa 12 ake yi, kuma 'yan mintocin da masu tashi ke yi wa masu shigowa bayani sun fi komai muhimmanci. Ku iso da wuri, biro a hannu. Wa ya kwana bai yi barci ba? Wa aka canza wa magani? Wa ya kwana uku bai yi bayan gida ba? Sannan ku karanta takardar tsarin kulawa ta duk wanda aka ba ku, domin a nan aka rubuta irin abincinsa, da yadda ake ɗaga shi, da mutum nawa ake bukata.

Rubutu kuwa, a nan sababbi suka fi tuntuɓe. "Ta sha ruwa sosai" ba ya amfanar kowa. Ku rubuta: ƙarfe 10:30 an ba ta shayi mililita 200, ta sha 120. Ku rubuta nan take, kada ku bari sai lokacin tashi kuna lalube a ƙwaƙwalwa. Ga dalili. Tsufa na rage jin ƙishirwa, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don gudun yawan zuwa banɗaki. Yawancinsu na bukatar kofi 6 zuwa 8 a yini, sai fa wanda likita ya taƙaita wa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Idan ruwa ya yi ƙaranci, fitsari ya yi duhu da wari, ciki ya ɗaure, jiri ya biyo baya. Dattijuwar da jiya take hira lafiya lau, yau ta wayi gari ba ta san ɗakinta ba, kada ku ce ai tsufa ne. Cutar mantuwa a hankali take tafiya, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo cikin awoyi sau da yawa alama ce ta ciwon mafitsara ko na huhu, ko ƙarancin ruwa, ko sabon magani. Ku gaya wa nas a take. Alƙaluman da kuka rubuta su likita zai duba.

Lokacin wanka da sauya kaya shi ne lokacin duba fata: diddige, tsatso, kwatangwalo, gwiwar hannu, kafaɗa, bayan kunne. In kun ga wuri ya yi ja, ku danna da yatsa ku saki. In bai yi fari ba, gyambon kwanciya ne ke farawa. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba, sai dai wurin ya fi sauran jiki duhu, ko zafi, ko tauri. Kada ku murza, murzawa ƙara ɓata naman take yi. Ku ɗauke nauyi daga wurin, ku kai rahoto, ku riƙa juya mutum a kan lokacin da takardarsa ta ce.

Wajen ciyarwa, a zaunar da mutum tsaye sosai, loma ƙarama, a jira ya haɗiye, kuma kada a kwantar da shi sai bayan kamar minti 30. Wanda aka rubuta wa ruwa mai kauri, kada a ba shi tsinkakke ko da ya roƙa, sai an tambayi nas, domin yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu. Tari lokacin cin abinci, ko murya ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, abin faɗa ne.

Akwai inda tarbiyyarmu ke bukatar gyara kaɗan. Mu mun saba sunkuyar da kai gaban babba. A can wanda kunnensa ya yi nauyi leɓenku yake karantawa, don haka ku durƙusa daidai fuskarsa, ku dube shi, ku yi magana a hankali ba da ihu ba. Ku ƙwanƙwasa kafin shiga, ku tambaye shi sunan da yake so a kira shi da shi. Dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ce a ɗauka babban mutum yana da hankalin zaɓar wa kansa sai an tabbatar da akasin haka. In ya ce ba ya son wanka yanzu, ba a tilasta shi. Ku rubuta, ku dawo an jima. Hoton mazauna gidan kuwa, ko labarinsu, ba ya hawa WhatsApp, kuma kyautar kuɗi daga hannunsu ba a karɓa.

Ku san iyakarku. Ba ku ba da magani sai an horar da ku an sa hannu. In takarda ta ce mutum biyu ne ke amfani da na'urar ɗagawa, ku jira na biyun ko da ƙararrawa na ta kaɗawa. Kada ku ciccibi tsoho ta hammata, kafaɗarsa na iya gocewa, ku kuma bayanku ya tafi. In kun tarar da wani a ƙasa, kada ku yi gaggawar ɗaga shi. Ku kira taimako, ku lulluɓe shi, ku duba ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, alamar karayar ƙugu ke nan. In ya bugi kai, musamman mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, a kira lambar gaggawa ta 999.

In kuka ga tabon duka da babu bayaninsa, ko abokin aiki yana daka wa tsoho tsawa, kunya ba ta da wuri a nan. Ku gaya wa manaja a ranar, ku rubuta abin da idonku ya gani da lokacin da ya faru. In an yi shiru da maganar, kuna da damar kai ta ga sashen kula da manya na ƙaramar hukumar yankin, ko kai tsaye ga CQC, kuma doka ta hana a hukunta ku saboda kun yi hakan.